Wayar hannu da ilimin gado a ƙasar Sakkwato: tambayoyi da amsoshi

Tun da layukan wayar salula suka shigo Najeriya a shekarar 2001, manomi da makiyayi da masunci sun sami sabuwar hanyar sanin abin da sama da ƙasa ke ciki, bayan wadda suka gada daga iyaye. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan yadda hanyoyin biyu suke zama tare.

Wane ilimi ake nufi idan aka ce ilimin gado na muhalli?

Shi ne sanin da al'umma ta tara ta hanyar daɗewar zama a wuri guda tana lura. Manomin Wurno ya san cewa isowar shamuwa alama ce ta kusantowar damina, ya kuma san cewa gawo yana zubar da ganye da damina ya fitar da sabo da rani, don haka ba ya sare shi a gona, tunda inuwarsa ba ta danne shuka, kuma ƙasar gindinsa ta fi albarka. Majemi ya san bagaruwar da ke gyara fatar jar akuyar Sakkwato, makiyayi ya san ciyawar da ke kumbura wa saniya ciki, sarkin ruwa kuma ya san lokacin da ya kamata a bar kifi ya hayayyafa. Wani ɓangare na wannan ilimi a rubuce yake, domin malamanmu sun daɗe suna lissafin taurari 28 na shekara, kowanne da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, kuma manoma suna bin su wajen shuka da noma.

Shin hasashen yanayi da ake gani a waya ya kori lissafin taurari?

Bai kore shi ba, sai dai ya rage yawan masu koyonsa. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, rediyo da saƙonnin WhatsApp kuma suna kai shi ƙauyuka, kuma amfaninsa a fili yake, musamman yanzu da ruwa kan sauka a makare ko ya ɗauke bayan an yi shuka. Amma hasashen yana magana ne a kan faɗin ƙaramar hukuma ko jiha, ba ya sanin bambancin jigawa da fadama a cikin ƙauye guda.

Na taɓa tsayawa da kawuna a gonarsa da safe bayan ruwan farko, ɗansa na nuna masa saƙon da ya ce damina ta faɗi. Tsohon ya tona ƙasa da hauya kamar tsawon tafin hannu, ya dunƙula ta, ta wargaje a hannunsa, ya ce: "Yaro, mayar da iri cikin buhu, wannan ruwan bai kai ƙasa ba." Yaron ya ce: "To, Baba." Saƙon gaskiya ya faɗa game da sama, tsohon kuma gaskiya ya faɗa game da gonarsa, kuma shukar tana buƙatar amsoshin biyu.

To me fasahar ta ƙara mana?

Ta ƙara sauri, ta kuma ba wanda bai yi boko ba murya. Saƙon murya ya sa makiyayi yana iya tambayar ɗan'uwansa labarin ruwa da ciyawa kafin ya tashi da garke, mai albasa a Goronyo yana jin farashin kasuwannin kudu kafin ya yi lodi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, wadda ta cinye ƙauyuka a kwarin Rima har ta karya gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun san darajar gargaɗin da zai iso cikin minti kaɗan. Haka nan ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, irin waɗanda ke ajiye a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, yana tsare abin da ke cikinsu daga gara da gobara.

Idan haka ne, ina asarar take?

Asarar tana cikin hanyar da ilimin ke bi daga babba zuwa yaro. Ba a koyar da shi a zaune kamar darasi. Ana tsintarsa ne a hanyar gona, a bakin rijiya, a hirar dare a dandali lokacin da tsohuwa za ta nuna Kaza da 'Ya'yanta a sama, ko a bayan garke inda yaro zai wuni yana kallon abin da dabba ta ci da abin da ta ƙi. Waɗannan sa'o'in ne waya ta fi ci. Yaron yana nan tare da kakansa a gindin itace ɗaya, amma idonsa da kunnensa suna wani wuri, tsohon kuma, da ya ga ba a tambayarsa, sai ya yi shiru, domin a al'adarmu babba ba ya bin yaro da ilimi.

Abin da ya fi damuna shi ne sunaye. Matashin da ba ya iya rarrabe sabara da kalgo, ko aduwa da magarya, duk daji a wurinsa itacen wuta ne, kuma wanda bai san amfanin itace ba ba zai ji zafin sare shi a yi gawayi ba. Ga kuma batun harshe: galibin abin da ake rubutawa da Hausa a intanet, wanda manhajojin fassara ke koyo daga gare shi, daidaitacciyar Hausa ce mai tushe a karin Kano. Basakkwace yana cewa hatsi yana nufin gero, kuma akwai sunayen tsirrai da kifaye da nau'o'in ƙasa da ba a jin su sai a bakin mutanen Rima. Abin da na'ura ba ta sani ba, a hankali yara kan ɗauka kuskure ne.

A shekarar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, mutane sun koma ga abin da ke cikin kawunansu da na dattawansu.

Bidiyon maganin gargajiya da ke yawo a TikTok da Facebook fa, ba adana ilimi ba ne?

Rabin ilimin yake ɗauka. Mai magani na gaskiya ya san wane ɓangare na itace ake ɗiba, a wane lokaci, da wane gwargwado, da wanda bai kamata a ba shi ba, kamar mai juna biyu ko ƙaramin yaro, ya kuma san cewa ba a zagaye itace da sassaƙa, domin hakan kashe shi yake yi. Bidiyon minti ɗaya yana faɗin sunan itacen da cutar, ya bar sauran. Sakamakon biyu ne: marar lafiya ya sha abin da ya fi ƙarfinsa, itacen da aka yi wa talla kuma a far masa da gatari har saiwa.

Wa ke da mallakar wannan ilimi idan ya hau intanet?

Wannan tambaya ta taɓa kai wa ga shari'a a kan itacen da ke kowace ƙofar gida a Sakkwato, wato dogonyaro. Ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba wani kamfanin Amurka da ma'aikatar noma ta ƙasar haƙƙin mallakar wani maganin cutar shuka da aka haɗa daga mansa, 'yan Indiya da abokansu suka ƙalubalanci hakan da hujjar cewa manomansu sun daɗe suna amfani da shi, aka soke rajistar a 2000, aka kuma tabbatar da sokewar a 2005. Indiya ta kafa rumbun kwamfuta na ilimin magungunanta na gado a 2001, wanda da farko ba a buɗe shi ga kowa ba, aka dai ba masu tantance rajista damar dubawa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla, ta tanadi a nemi yardar al'umma kafin a yi amfani da iliminta na tsirrai, a kuma raba amfani da ita. A ganina wannan ya hau kan ɗalibin jami'armu da ya je ƙauye da na'urar ɗaukar murya kamar yadda ya hau kan kamfanin waje.

Ta yaya za a ɗauki ilimin dattawa a waya ba tare da an ɓata shi ba?

A fara da neman izini, a faɗa wa dattijo inda muryarsa za ta je, a kuma yarda idan ya ce wani abu sirrin gida ne, kamar yadda masunta da maharba da maƙera suke da abin da ba su faɗa wa bare. A yi ɗaukar a wurin da abin yake, a gindin itacen ko a bakin tafkin Kware, da karin harshen mai magana, tare da ambaton gari da lokacin shekara. A bar kwafi a hannun iyalinsa da makarantar garin. Mai riƙe wayar kuma ya fi kyau ya zama jikansa, domin shi ne zai sake tambaya: "Kaka, wannan ganyen da wancan ba ɗaya ba ne?", kuma shi ne zai dawo gonar baɗi idan shamuwa ta iso.