Waiwaye: Wa Ke Biyan Kuɗin Jinya Idan Annoba Ta Sauka a Najeriya?

A cikin kundin ƙa'idojin tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta Najeriya, NHIS, akwai wani shafi da ba kowa ke kaiwa gare shi ba. Shafin ya jero abubuwan da inshorar ta ce babu ruwanta da su: raunin da aka ji a yaƙi ko tarzoma, wanda girgizar ƙasa ta rutsa da shi, wanda ya karye a wasan ganganci irin tseren mota, da mai shan ƙwaya. A tsakiyar jerin nan akwai kalma guda tak, annoba. Shekara da shekaru tana nan zaune ba wanda ya ɗaga ido ya dube ta, sai ranar 27 ga Fabrairu, 2020, da aka tabbatar wani ɗan Italiya ya shigo Legas ɗauke da korona. Daga ranar ma'aikacin da ke yawo da katin inshora a aljihu ya dawo daidai da ɗan dakon da bai taɓa jin sunan NHIS ba. Dukansu sai abin da gwamnati ta ga dama.

Maganar inshorar lafiya ta tsufa a ƙasar nan. Tun 1962 ministan lafiya na Jamhuriya ta Farko, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai ƙuduri majalisa a kanta, bai kai labari ba. Aka yi ta kafa kwamiti ana ajiye rahoto, har zamanin ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti. Sai a watan Mayun 1999, ana gab da miƙa mulki, gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar da doka mai lamba 35 da ta kafa NHIS, ita ma ta kwanta shekara shida kafin Obasanjo ya ƙaddamar da shirin a Yunin 2005.

Yadda aka ɗinka rigar, ma'aikacin gwamnatin tarayya aka auna. Shi da matarsa guda da 'ya'yansa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mai mata biyu da 'ya'ya goma sai ya zauna ya zaɓi wa zai sa wa zai bari, abin da ya haddasa ƙananan rigingimu a gidaje da dama. A takarda, mai ɗaukar aiki zai zuba kashi 10 cikin ɗari na tsagwaron albashi, ma'aikaci ya zuba 5, amma ƙungiyoyin ƙwadago suka ce ba a taɓa musu albashi, aka daɗe kason gwamnati kaɗai ke shiga. Kuɗin kuma ba kai tsaye suke zuwa asibiti ba, sai sun bi ta hannun kamfanonin da ake kira HMO, waɗanda asibitoci suka yi ta kukan suna riƙe musu haƙƙi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano kusan mutum 3 ne cikin 100 ke da inshorar lafiya kowace iri. Sama da kashi 70 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar, daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. An sayar da akuya, an jinginar da gona, an yi karo-karo a masallaci. Inshorar talaka ke nan.

A Arewa akwai wani ƙarin cikas, ita kanta kalmar. Mutane da yawa na ɗari-ɗari da inshora saboda maganar malamai cewa cinikinta akwai garari a ciki, ka biya kuɗi kan abin da ba ka san ko zai faru ba. Shi ya sa da jihohi suka zo kafa nasu hukumomin, Kano a 2016, Kaduna a 2018, suka kauce wa sunan, suka kira abin taimakekeniya. Kowa ya zuba, wanda ciwo ya kama a ɗiba a yi masa magani.

Wannan suna ma ya fi bayyana dalilin da ya sa ake cire annoba. Duk wanda ya taɓa shiga adashi ya san sirrinsa: kowa na zubi, mutum ɗaya ke kwasa. Ranar da 'yan adashi ashirin suka yi cincirindo a ƙofar uwar adashi kowa na cewa yau kwasarsa ce, adashi ya fashe, ko da uwar adashin waliyyiya ce. Inshora na tsayawa ne bisa lissafin cewa a cikin mutum dubu, 'yan kaɗan ne za su kwanta a wata guda, kuma ciwon wannan bai shafi na wancan ba. Annoba kuwa rushe wannan lissafi take yi, domin ciwon wannan shi ke kayar da wancan. Ga kuma tsada. A lokacin korona, abin da NHIS ke ba asibiti kan kowane mai rajista don ƙananan cututtuka naira 750 ne a wata, manyan ayyuka lissafinsu daban. A watan Yulin 2020 kwamishinan lafiya na Legas, Farfesa Akin Abayomi, ya ce jinyar mai korona wanda jikinsa bai yi tsanani ba tana cin kimanin naira dubu 100 a rana, wanda ya jigata kuwa daga dubu 500 zuwa miliyan ɗaya. Kwanan mutum guda a gadon killacewa, mai sauƙin ma, ya cinye zubin wancan 750 na shekara goma sha ɗaya. Ban ga laifin wanda ya rubuta kalmar annoba a shafin nan ba. Inda gizo ke saƙar, da aka cire ta daga nan, ba a tanadar mata wani gida ba.

An sami gargaɗi. A Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya da cutar Ebola. Dokta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta tsira. Kuɗin wannan yaƙi daga gwamnati suka fito, Shugaba Jonathan ya saki naira biliyan 1.9 cikin gaggawa. A ƙarshen shekarar aka sa hannu kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a wani asusu na kula da lafiya a matakin farko: rabi ta hannun NHIS, kashi 45 ga ƙananan asibitoci, kashi 5 ga agajin gaggawa. Doka ta yi kyau, amma ba a sa kuɗin a kasafi ba sai 2018, lokacin da majalisa ta saka naira biliyan 55. A shekarar ce kuma hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, NCDC, ta sami dokar kanta. Don a san irin shirin da aka yi, da korona ta zo Shugaba Buhari ya tashi sa kulle, dokar killace jama'a ta 1926 ya jingina da ita, ta zamanin Turawa.

To, wa ya biya? Gwamnati ta ce gwaji da jinya a cibiyoyinta kyauta ne, kuma ta hana asibitocin kuɗi karɓar masu korona sai wanda aka tantance. Tarayya ta ba Legas biliyan 10, ta ba NCDC biliyan 5. Attajirai da bankuna, da Aliko Dangote da Herbert Wigwe da babban banki a gaba, suka haɗa gidauniyar CACOVID, suka tara biliyoyi, suka kafa tantunan jinya, ciki har da na filin wasa na Sani Abacha a Kano. Asusun Lamuni na Duniya ya ba da bashin gaggawa na dala biliyan 3.4 a watan Afrilu. Wato baitulmali, sadaka da bashi, su uku suka ɗauki nauyin. Inshora ta leƙo ne ta ƙofa ɗaya: kamfanonin inshora sun yi wa ma'aikatan lafiya 5,000 inshorar rai, abin da za a ba iyali idan mutum ya mutu a bakin aiki, ba kuɗin jinya ba. Su ma'aikatan, kafin korona alawus ɗinsu na kasada naira 5,000 ne a wata. Likitoci masu neman ƙwarewa sun tafi yajin aiki a watan Yuni a kan wannan da rashin kayan kariya.

Kalmar kyauta ta ɓoye abubuwa da yawa. Kyauta ce ga wanda aka gwada, sakamako ya fito, aka sami gado. Wanda ya kasa jiran layin gwamnati ko zai hau jirgi, gwajin kuɗi a Legas ya haura naira dubu 40. Mai hali ya nufi asibitin kuɗi da aka tantance ya ajiye miliyoyi. Shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Malam Abba Kyari, a wani asibitin kuɗi na Legas Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu. Da guguwa ta biyu ta taso a ƙarshen 2020, abin da ya yi wuya ba gado ba ne, iskar oksijin ce, dangi suna yawo gari da tukunya suna neman inda za a ɗura. Sai a Janairun 2021 aka amince da naira biliyan 6.45 don kafa injinan samar da iskar a wurare 38.

Amma wanda yake son ganin ramin sosai, Kano zai duba. An tabbatar da mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, 2020. Cikin 'yan kwanaki masu haƙar kabari suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Dattawa suka riƙa tafiya a jere, malaman jami'a, tsofaffin ma'aikata, sarakuna, 'yan kasuwa. Ɗakin gwajin da ke Asibitin Malam Aminu Kano ya tsaya na kwanaki a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Asibitocin kuɗi da yawa suka rufe ƙofa don tsoro, na gwamnati suka taƙaita ganin marasa lafiya. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, wanda ba ruwansa da korona ma, ya rasa inda zai nufa sai kemis, in kulle ya bar shi ya fita. A nan ko mai kati bai tsira ba, domin katin na aiki ne a asibitin da ka yi rajista, ga shi asibitin a garƙame. Gwamna Ganduje ya nemi tarayya ta agaza da biliyan 15, Buhari ya sa wa jihar kulle na mako biyu ranar 27 ga Afrilu. A watan Yuni ministan lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata: mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kashi 50 zuwa 60 na da alaƙa da korona, kuma fiye da rabinsu a gida suka cika. Waɗannan ba su ci kobo na gwamnati ba, ba su ci na CACOVID ba, ba su ci na inshora ba. Idan aka ce mutum dubu uku da ɗoriya korona ta kashe a Najeriya, waɗanda aka gwada ake nufi.

Ba mu kaɗai muka yi karo da wannan tambaya ba. A Amurka sai da majalisa ta yi doka a Maris 2020 ta tilasta wa kamfanonin inshora biyan kuɗin gwaji, jinya kuwa kamfanonin suka yafe kason majinyaci don raɗin kansu, daga baya suka janye. A Indiya hukumar da ke sa ido kan inshora ta umarci kamfanoni su biya jinyar korona ga masu inshorar kwanciya asibiti. Bambancin shi ne can ana jayayya kan abin da kati zai biya, nan kuwa katin ne babu.

Ranar 19 ga Mayu, 2022, Buhari ya sa hannu kan dokar da ta rushe NHIS ta kafa sabuwar hukumar inshorar lafiya, NHIA. Sabuwar dokar ta wajabta inshorar lafiya kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma kafa asusun marasa galihu, wanda aka ce zai ɗauki mutum miliyan 83. An kuma tsakuro wa NCDC ɗan kaso daga asusun kashi ɗaya ɗin nan. Ci gaba ne, ba a musu. Sai dai wajabtawa a takarda ba ta sa mai shayi ko manomin Ɗanbatta zubi, kuma zuwa ƙarshen 2024 masu rajista sun ɗan haura miliyan 19 ne, a ƙasar da ta wuce mutum miliyan 200.

Ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona. An naɗe tantuna, gidauniya ta watse. Zazzaɓin Lassa kuwa, wanda shi ma ƙwayar bairos ce kuma ya kashe likitoci biyu a Kano a Janairun 2020, wata guda kafin ɗan Italiyan nan ya sauka, bai je ko'ina ba. Duk rani yana dawowa a Bauchi, Taraba, Edo da Ondo. Allurar ribavirin gwamnati ke bayarwa. Kuɗin mota zuwa cibiyar, da gwaje-gwajen jini, da abincin mai jinya na mako biyu, da wankin ƙoda idan abin ya kai can, yawanci dangi ne ke haɗawa.