Kunne Ba Ya Sabawa Da Ƙarar Inji

A wuraren fasa dutse irin na Mpape a Abuja, da inda ake niƙa duwatsun zinare a Zamfara, tsofaffin hannu kan ce wa sabon shiga: "Yi haƙuri, kunnenka zai saba." Kunne kuwa ba ya sabawa. Ranar da ƙarar ta daina damun mutum, jinsa ne ya fara raguwa.

Can cikin kunne akwai ƙwayoyin halitta masu siraran gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma ba sa sake tohowa. Siraran sautuka ke fara ɓacewa, shi ya sa mutum zai ji ana magana amma ya kasa rarrabe kalmomin, ko kunnensa ya dinga ƙugi da daddare.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar a sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana rage rabin lokacin. A 100, minti 15 ne kacal. Injin huda dutse yakan zarce haka.

Audugar da ake cusawa ba ta tare abin kirki. Matoshin kunne na soso ko marufin kunne ake buƙata. Amma ni a ganina babban nauyin na kan mai wurin: ya gyara salansar inji, ya ɗaure ƙarafan da ke jijjiga, ya kewaye janareta da bango, ya riƙa sauya masu tsayuwa kusa da inji.