Babbar Fadar Bangkok da Haikalin Wat Phra Kaew

Babbar Fadar Bangkok rukunin gine-gine ne na sarauta a tsakiyar tsohon birnin Bangkok, babban birnin ƙasar Tailan, a gabar gabas ta kogin Chao Phraya. Faɗinta ya kai murabba'in mita 218,400, farar katangar da ta kewaye ta kuma tsawonta kusan mita 1,900. A kusurwarta ta arewa maso gabas ne haikalin Wat Phra Kaew yake, wanda mabiya addinin Buddha na ƙasar suka fi girmamawa a kan kowane wurin ibada.

Tarihi

A 1767 sojojin ƙasar Bama (Myanmar ta yau) suka ci Ayutthaya, tsohuwar hedikwatar daular Siyam, wato Tailan ta da, suka ƙone ta. Sarki Taksin ya sake haɗa kan ƙasar daga Thonburi, a yammacin kogin. Da babban kwamandansa, Chao Phraya Chakri, ya hau gadon sarauta a 1782 a matsayin Rama na Ɗaya, sai ya tsallake da fada zuwa gabas, inda gwiwar kogin ta fi ba da kariya. 'Yan kasuwa Sinawa ne ke zaune a filin, aka tashe su zuwa Sampheng, wadda ta zama tushen unguwar Sinawa ta birnin a yau.

An fara aikin a watan Mayu na 1782. Baitulmali babu kuɗi a lokacin, saboda haka da katako aka soma gini. Daga baya sarki ya sa aka riƙa kwaso tubali daga kufan Ayutthaya a cikin kwale-kwale. Tsarin fadar ma na Ayutthaya aka bi: farfajiyar waje ta ofisoshi, ta tsakiya ta zaurukan zaman fada, sai cikin gida na matan sarki, inda mata ne suke gadi.

Kusan kowane sarki ya ƙara nasa. Wanda ya fi jan ido shi ne Chakri Maha Prasat, da aka kammala a 1882 a zamanin Chulalongkorn, Rama na Biyar. Jikin ginin na Turai ne, rufinsa kuwa mai tsini irin na Tailan, domin manyan fada ba su amince zauren sarki ya sanya rufin baƙi ba. Tun wajen 1925 sarakuna suka daina zama a fadar dindindin. A nan ne aka tarar da matashin sarki Ananda Mahidol a mace da raunin harsashi ranar 9 ga Yuni, 1946. Har yau ba a daidaita a kan yadda abin ya faru ba. Ana ci gaba da manyan bukukuwa a fadar, kamar naɗin Sarki Vajiralongkorn a 2019.

Mutum-mutumin Buddha na Zumurrudu

Wannan mutum-mutumi yana cikin haikalin Wat Phra Kaew. Ko da yake ana kiransa na zumurrudu, daga wani koren dutse dabam aka sassaƙa shi, kuma tsayinsa santimita 66 ne kawai. Almara ta ce a Indiya aka yi shi tun kafin haihuwar Annabi Isa, amma masana zane suna ganin salon arewacin Tailan ne na wajen ƙarni na 15. Littattafan tarihin yankin sun ce a 1434 aradu ta faɗa wa wata hasumiyar ibada a Chiang Rai, aka same shi a ciki shafe da farar ƙasa, sai da shafen ya ɓare a hanci aka ga koren.

Daga nan ya yi ta yawo tare da masu mulki. Ya zauna Lampang, ya koma Chiang Mai a 1468, a tsakiyar ƙarni na 16 kuma Sarki Setthathirath ya tafi da shi Luang Prabang, sannan Vientiane, duka a ƙasar Lawos ta yau, inda ya shafe sama da shekara 200. Chakri ya ƙwato shi da yaƙi wajen 1779, aka ajiye shi a Thonburi, kafin a shigar da shi sabon haikalin a 1784 ko 1785. Mutanen Lawos da dama suna kallon wannan a matsayin ganimar da aka raba su da ita.

Sau uku a shekara, a farkon bazara da damina da lokacin sanyi, sarki da kansa ko wakilinsa yakan hau ya sauya wa mutum-mutumin tufafin zinariya. Wannan al'ada ce ta fi nuna yadda sarauta da addini suka sarƙe a ƙasar.

Sauran haikalin

Babu sufaye masu kwana a cikinsa, domin ɗakin ibadar sarki ne. A bangon rumfar da ta zagaye shi akwai zane kashi 178 na Ramakien, wato Ramayana, tsohon labarin jarumta na Indiya, yadda mutanen Tailan suke ba da shi. Akwai hasumiyar zinariya ta Phra Si Rattana, da ƙaramin samfurin Angkor Wat, shahararren haikalin ƙasar Kambodiya, da Sarki Mongkut ya sa aka yi, da siffofin ƙattai masu gadin ƙofofi.

Ziyara

Baƙi daga waje suna biyan kuɗin shiga, 'yan ƙasa kyauta. Ba a shiga da gajeren wando ko riga marar hannu. A babban ɗakin ibada ana cire takalmi, ba a ɗaukar hoto, ba a kuma miƙe ƙafa wajen mutum-mutumin, don hakan raini ne a wurinsu. Yawancin masu jagora sukan fara da haikalin, su bi zanen Ramakien suna fassara shi, sannan su fito farfajiyar tsakiya. Zanen yana da wuyar fahimta in babu mai bayani, nan ne jagora ya fi amfani. Cikin gida a rufe yake ga jama'a. Hukumomi sun sha gargaɗin baƙi game da 'yan damfara da ke tare mutane a bakin hanya suna cewa an rufe fadar, don su kai su shagunan duwatsu masu daraja.