Zomaye Sun Yi Yawa a Gona: Ku Kafa Shinge, Ku Bar Guba

Manoma da masu lambu, idan kun wayi gari kun tarar an datse kan shuka kamar da almakashi, ga 'yan ƙwayoyin kashi mulmulallu a gindinta, to zomo ne ya riga ku sammako. Da asuba da almuru yake fitowa kiwo, shi ya sa mai gona bai cika ganinsa ba, sai ɓarnarsa.

Abin da ke sa ya gagari mutane haihuwa ce. Zomanya wata ɗaya kacal take yi da ciki, ta zubo 'ya'ya huɗu zuwa takwas, kuma kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa tana iya ɗaukar wani. 'Ya'yan ma cikin 'yan watanni sun shiga sahu. Mutanen Ostireliya sun ga abin da idonsu. A 1859 wani mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa a jihar Biktoriya don ya riƙa farauta. Kafin a ankara sun cinye wuraren kiwo. Daga 1901 zuwa 1907 aka yi ta kafa shinge mai tsawon dubban kilomita a yammacin ƙasar, ashe wasu sun riga sun tsallake. A 1950 aka sako musu cutar miksomatosis, miliyoyi suka mutu, amma waɗanda suka rayu suka haifi masu jure mata.

Don haka kada wanda ya sa wa ransa zai ƙarar da su. Daji muka tara da su, abin da za mu iya shi ne tsare abin da muka shuka.

Shingen ragar waya shi ya fi aiki, amma sai an kafa shi daidai, kuma nan ne yawanci ake kuskure. Idon ragar kada ya wuce santimita 3, domin ɗan zomo yana kurɗawa ta inda ba a zata ba. Tsayinsa ya kusa mita ɗaya. Gindin kuwa a binne shi kamar santimita 15, a lanƙwaso bakinsa waje. In ba haka ba, zomo zai haƙa ta ƙasa ya shigo, an yi asarar waya ke nan. Ƙananan itatuwa a kewaye kowane da raga, don in ya gwaguye ɓawon ya zagaye shi, itacen ya mutu. A kwashe tarin ƙirare da sarƙaƙiyar bakin gona, nan ne maɓoyarsu.

Guba dai ba na ba da shawararta. Takan kashe kare da kaji, ta kashe shaho da mujiya, alhali su ne ke rage mana zomayen kyauta. Mai son tarko ko farauta ya fara sanin dokar yankinsa.

Sai batun lafiya. Zomon daji yana iya ɗauke da tularemiya, cutar da ke kama mutum ta taɓa jini ko naman, ko ta cizon kaska. Zomon da aka tsinta matacce, ko yana tafe jiki a sanyaye, kada a taɓa shi da hannu, a hana yara da karnuka zuwa kusa. Mai fiɗa ya sa safar hannu, nama kuma ya dahu sosai. Wanda zazzaɓi, gyambo ko kaluluwa ta taso masa bayan ya taɓa zomo, ya je asibiti, ya kuma gaya wa likita cewa zomo ya taɓa, domin cutar tana jin magani in an kama ta da wuri.