Maganin feshi, dalma da lalacewar ƙwaƙwalwa: tambayoyin da ake ta maimaita mini

Da gaske maganin feshi na jawo cutar Parkinson?

Yana ƙara haɗarin kamuwa da ita, wato cutar ƙwaƙwalwa mai sa rawar jiki. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011 ya gano manoman da suka yi aiki da paraquat (maganin ciyawa) ko rotenone (maganin ƙwari) sun fi sauran kamuwa da kusan ninki biyu da rabi. Tarayyar Turai ta haramta paraquat tun 2007, Faransa kuma tun 2012 ta sa Parkinson cikin cututtukan da aikin gona ke haifarwa. Mu kuwa yaro muke goya wa injin feshi yana yoyo a gadon bayansa, ƙafa ba takalmi.

In na sha madara bayan feshi fa?

Ba ta tsare komai, manja ma haka. Yi wanka da sabulu, sake kaya, kuma don Allah daina hura bakin injin da bakinka in ya toshe.

Tukunyar alminiyam na kawo ciwon mantuwa?

Ba a tabbatar ba, Hajiya, kwantar da hankalinki. Dalma ce abin tsoro. Ita ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, lokacin da ake daka duwatsun zinare masu ɗauke da dalma cikin gidaje, da yawa daga waɗanda suka rayu kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Na daɗe ina feshi, yanzu hannuna na rawa. Parkinson ce?

Wataƙila, wataƙila ba ita ba, kuma ba wanda zai yanke maka hukunci daga nesa. Mafi yawan masu feshi ba sa kamuwa har su tsufa. Rawar Parkinson takan fara a gefe ɗaya, ta fi fitowa in hannun na ajiye a cinya, ta lafa in ka miƙa shi ɗaukar kofi. Sau da yawa tafiya kan yi nauyi, jiki ya sandare, rubutu ya ƙanƙance, wani ma jin ƙamshi ya dusashe masa shekaru kafin nan. Amma ciwon maƙoƙo, wasu magunguna da gado daga iyaye duk suna sa hannu rawa. Masu walda ma hayaƙin ƙarfen manganis kan jawo musu mai kama da ita. Ka je asibitin koyarwa ka ga likitan jijiyoyi, ka gaya masa sunan maganin da shekarun da ka yi kana feshi. Ko ita ce, maganin levodopa na sauƙaƙa ta sosai, duk da ba ya warkarwa. Kada ka zauna kana cewa sammu ne.

Jarkar maganin da ya ƙare, in na wanke zan iya zuba ruwan sha?

A'a. Huda ta, kada ma yara su ɗauka.