Mazaɓar Enfield Southgate da aka soke: babu wanda zai ci ku tarar fam dubu a kanta

Wata Hajiya da muke zumunci a unguwar Palmers Green da ke arewacin Landan ta kira ni da daddare murya na rawa, wai an turo mata wata murya a WhatsApp cewa duk wanda ya yi rajistar zaɓe a ƙarƙashin mazaɓar ɗan majalisar Birtaniya ta Enfield Southgate rajistarsa ta mutu tunda an soke mazaɓar, kuma in bai sake sabuwa ba tarar fam dubu ce, har ma abin zai shafi takardun zamansa. Ga kuma takardar ƙaramar hukuma ta shigo mata ta ƙofa a satin, ta ajiye ta kan firij ko buɗewa ba ta yi ba. Na ce Hajiya ki kwantar da hankalinki ki buɗe ta mu karanta tare. Ashe takardar nan ce da suke aiko wa kowane gida duk shekara suna tambayar su wa ke zaune a gidan, shi ke nan.

Soke mazaɓar dai gaskiya ne, an soke ta a zaɓen 4 ga Yuli 2024. Amma rajista ba da sunan mazaɓa ake yin ta ba, da adireshin gidanka ake yi a wajen ƙaramar hukumarka. In ba ka tashi daga gidan ba sunanka na nan daram, su ne za su mayar da kai sabuwar mazaɓa ba tare da ka cike komai ba. Mutanen Southgate da Palmers Green da Cockfosters sun koma Southgate and Wood Green, na ɓangaren Winchmore Hill kuma aka haɗa su da Edmonton, inda Kate Osamor take wakilta, wadda iyayenta ma ƴan Najeriya ne.

Masu cewa an yi ne don murɗiya, to su dubi tarihin wurin tukuna. An ƙirƙiri mazaɓar a 1950 da sunan Southgate, unguwa ce ta bayan gari a arewacin Landan, gidaje masu lambu, masu rufin asiri, kuma kusan shekara hamsin jam'iyyar Kwansabatib ke cinye ta ba gardama. Anthony Berry ya riƙe ta daga 1964 har bam ɗin ƙungiyar ƴan tawayen Ireland ta IRA ya kashe shi a otal a Brighton a 1984 lokacin taron jam'iyyarsu, sai Michael Portillo ya gaje shi a zaɓen cike gurbi. Portillo ya kai ministan tsaro, ana ta cewa shi ne shugaban jam'iyya na gaba, kwatsam a 1997 wani matashi Stephen Twigg na jam'iyyar Leba ya kayar da shi da ƙuri'a 1,433, har yau Turawa in suna hirar daren nan sai sun tambayi juna ko idonka biyu lokacin da Portillo ya faɗi. 2005 David Burrowes ya dawo da ita hannun Kwansabatib, 2017 Bambos Charalambous ya sake ƙwace wa Leba, kuma shi ɗin ne dai ya ci sabuwar Southgate and Wood Green a 2024. Wato in murɗiya aka shirya masa to mai shirin bai iya ba.

Abin da ya soke ta doka ce ta mazaɓun majalisa ta 1986, wadda aka yi wa gyara a 2011 da kuma 2020. Kujeru 650 ne, kuma dole yawan masu rajista a kowace mazaɓa kada ya wuce ko ya gaza matsakaicin ƙasa da fiye da kashi 5 cikin ɗari. A wannan karon matsakaicin 73,393 ne, don haka ba ƙasa da 69,724 ba, ba sama da 77,062 ba. Mazaɓu biyar ne kawai na tsibirai aka ɗauke wa wannan sharaɗi. Landan ta tashi daga kujeru 73 zuwa 75, kuma da zarar ka cusa sababbi biyu sai kowa ya matsa, kamar an ƙara mutum a sahun salla. Hukuma ce mai zaman kanta ke zana iyakokin, da alƙalin babbar kotu a kan aikin, ta saurari jama'a ta miƙa rahoto a Yunin 2023. Gyaran 2020 ma ya cire wa ƴan majalisa ikon kaɗa ƙuri'a a kan rahoton, don a baya sun sha danne shi in bai yi musu ba.

Yanzu batun tarar, don nan ne mai muryar ya haɗa gaskiya da ƙarya ya dama. Fam dubun tana cikin doka amma ba ruwanta da soke mazaɓa. Ita ce iyakar tarar da kotu za ta iya ɗora wa wanda aka aiko wa takardar gida ta shekara-shekara, irin wadda ke neman amsa, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Wata ma in bayanan da ke ciki daidai ne ba a buƙatar ka ce komai, a jikinta ake rubutawa. Akwai kuma ta fam 80, wannan ta wanda ya cancanta ne aka gayyace shi ya yi rajista, aka tuna masa, aka biyo shi, aka ba shi umarni a rubuce, duk ya ƙi. Ƙin fita zaɓen kansa ba laifi ba ne ko kaɗan.

Inda haɗarin gaske yake, kuma ba wanda ke tura murya a kansa, shi ne ba da bayanin ƙarya. Ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru mai izinin zama, ko da bizar karatu ce, yana da ikon zaɓen ɗan majalisa saboda ƙasashen na cikin Kwamanwel, fasfonsa ma ya isa shaida a rumfar zaɓe. Ɗan Nijar ko Chadi ko Sudan ba shi da shi sai in ya zama ɗan Birtaniya. To ka ga tsoron tarar bogi zai iya sa bawan Allah ɗan Maraɗi ya ruga ya cike fom ya rubuta ƙasar da ba tasa ba don kar a ci shi fam dubu, alhali wannan ne laifin da zai iya kai mutum kotu, kuma shi ne wanda zai iya biyo shi ranar da ya je neman takardar zama ɗan ƙasa.

Ni inda dokar ba ta kwanta mini ba daban ne. Ba mutanen da ke zaune a wuri take ƙirgawa ba, masu rajista kawai, kuma rajistar Maris 2020 aka ɗauka. Unguwar da ta cika da ƴan haya da ɗalibai da baƙi masu sauya gida duk shekara, a takarda sai ta zama ƙarama, ɗan majalisarta kuwa kowa na zuwa ofishinsa da matsalar gida da ta biza, mai rajista da marar rajista. Kuma kashi 5 ɗin nan ya yi matsi da yawa, shi ya sa aka tsallaka iyakar ƙaramar hukumar Enfield aka ɗinke Cockfosters da Wood Green ta ƙaramar hukumar Haringey, wurare biyu da in ba jirgin ƙasan Piccadilly ba ban ga me ya haɗa su ba. Sai 2031 za a miƙa rahoto na gaba kan iyakokin.

Hajiya dai da muka gama karantawa sunan ɗanta ne da ya koma Manchester bara yake cikin takardar har yanzu, ta shiga intanet da lambar da ke jiki ta cire shi, minti biyar bai cika ba.