Sauya na'urar ɗumama ruwa ta gida a arewacin Kamaru da Chadi

Na'urar ɗumama ruwa, wadda masu gyaran famfo a Garwa, Marwa da Njamena suka fi kira da sunanta na Faransanci, "shofo", tanki ne na ƙarfe da ake rataye wa a bangon banɗaki ko kicin don ya tanadi ruwan zafi. A cikinsa akwai hita mai dafa ruwan, da ma'aunin zafi mai kashe wuta idan ruwan ya kai yadda ake so, da wata sandar maganiziyam da aka saka domin tsatsa ta ci ta maimakon ta ci jikin tankin. Wanda aka fi samu a gidaje shi ne mai lita 30, 50, 80 ko 100, yana aiki da wutar bolt 220. Mai kyau yakan yi wajen shekara goma kafin ya gaji.

A wannan yanki amfanin na'urar na lokaci ne. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Garwa da Njamena, ruwan tankin kan rufi kansa sai an surka shi kafin a yi wanka. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, idan hunturu ya kankama, alwalar asuba da wankan yaran makaranta sai da ruwan ɗumi. Ngaundere, da ke kan tudun da ya haura mita 1,000, ta fi sauran garuruwan daɗewa cikin sanyi. Saboda haka na'urar takan kwana watanni a kashe, kuma sau da yawa ranar farko ta sanyi ake gano ta lalace.

Gyara ko sauyi

Ba duk na'urar da ta daina ɗumama ruwa ce ta mutu ba. Idan hita ce ta ƙone, ko ma'aunin zafi ya daina aiki, ko robar murfin ƙasa ta tsufa tana ɗiga, duk ana sayen waɗannan daban a canza, kuɗinsu bai kai na sabuwa ba ko kusa. Hita takan ƙone ne ta hanya biyu. Ta farko, a kunna wuta alhali tankin babu ruwa, abin da ke yawan faruwa a unguwannin da famfo ke ɗaukewa. Cikin ɗan ƙanƙanen lokaci ta gama. Ta biyu, farin ƙanzo mai kama da alli da wasu ruwayen rijiya da na burtsatse ke bari. Idan mai gyara ya zaro hitar da ta yi shekara huɗu ko biyar ba a buɗe ta ba, za a gan ta lulluɓe da ɓawo mai kauri, ana ɓamɓarewa yana zuba a bokiti kamar fasasshen ƙwai, ƙasan tankin kuma cike da laka. Wannan ɓawon yana hana zafi shiga ruwa, hitar ta yi ta cin kanta.

Amma idan jikin tankin ne ya huje, ruwa yana tsattsafowa ta gefe ko ta wajen ɗinkin walda, ko ruwan zafi yana fitowa ja-ja-ja alhali na sanyi garau yake, to magana ta ƙare. Cikin tankin an shafe shi da wani rufi mai kama da na kwanon sha. Walda tana ƙona shi, tsatsa ta dawo da sauri. Kuɗin da aka kai wa mai walda a nan asara ne.

Abin da ake kashewa

Farashin da ke rubuce a shagon kayan gini kashi ɗaya ne kawai na lissafin. Yawancin na'urorin daga waje ake shigo da su, irin su Ariston ta Italiya da Atlantic ta Faransa, da wasu daga China da Turkiyya. Waɗanda suka sauka a tashar ruwa ta Duwala sukan hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundere, sannan su bi hanyar Garwa, Marwa da Kuseri kafin su tsallaka Njamena. Kowane zango da kuɗinsa, ga kwastan, ga harajin kaya wanda a Kamaru ya kai kashi 19.25 cikin ɗari. Sai kuɗin mai famfo da na mai gyaran wuta, da bututu da mahaɗai, da sabon bawul ɗin kariya mai sakin ruwa idan matsi ya yi yawa a tankin, da waya idan tsohuwar ta yi siriri. In sabuwar na'urar ta fi tsohuwa girma, har da kuɗin huda bango.

Kuɗin da ya fi daɗewa yana bin mai gida shi ne na wuta. Ɗumama lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin kimanin kilowat-awa 2.3, wato wajen awa ɗaya da rabi ga hita mai wat 1,500. A tsarin farashin da ARSEL, hukumar kula da harkar lantarki ta Kamaru, ta fitar a 2012, gidan da bai wuce kilowat-awa 110 a wata ba yana biyan sefa 50 kan kowane ɗaya, daga 111 zuwa 400 kuma sefa 79. Ke nan cika tanki sau ɗaya a rana zai ci kusan kilowat-awa 70 a wata, kimanin sefa 5,500 a farashi na biyu, kuma idan aka ɗora shi kan sauran wutar da ake sha, ya isa ya fitar da ƙaramin gida daga rukunin masu biyan sefa 50. Tankin da aka bari a kunne dare da rana yana zubar da zafi ta jikinsa ko ba a taɓa famfo ba, don haka sayen mai lita 100 a gidan mutum biyu ɓarna ce. Gida mai mutum huɗu ko biyar da ke wanka da bokiti, lita 50 zuwa 80 ta ishe shi. Wankan jego kam ya fi ƙarfin tankin gida: tukunyar ƙarfe da itace ba su bar wannan aikin ba tukuna.

Wace iri za a saka

Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma a shekarun da ruwanta ya ja baya an sha rabon wuta unguwa-unguwa. A irin wannan hali mai tanki ta fi, domin ruwan da aka ɗumama da dare yana kaiwa asuba. Mai ɗumamawa nan take, wadda ba ta da tanki, ƙarama ce kuma ba ta asarar zafi, sai dai tana jan wat 3,500 zuwa sama a lokaci guda. Mita da wayar gidaje da yawa ba za su ɗauka ba, kuma wuta na ɗaukewa ruwan ya koma sanyi. Mai aiki da gas ba ruwanta da lantarki, amma tana son ruwa mai ƙarfi, kuma sanya ta a rufaffen banɗaki ganganci ne, don tana iya fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mai kashe mutum.

Mai amfani da hasken rana ita ce ta fi dacewa da wannan ƙasa. Tsadarta a ranar saye take, bayan nan ba mita ba takardar biya. Buƙatarta rufi mai ƙwari da goge gilashi, domin ƙurar hunturu tana rage mata ƙarfi daidai lokacin da aka fi nemanta.

Wajen haɗawa

Tanki mai lita 80 idan ya cika yana haura kilo 100. Bangon bulo mai rami ko na jar ƙasa ba ya riƙe shi da ƙusoshin roba. Sai dai ƙarfe mai ratsa bango ko a yi masa mazauni. Dole a ja masa wayarsa daban mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da wayar ƙasa, da makashin wuta mai saurin ji na miliyamfa 30, saboda mai wanka tsaye yake cikin ruwa ba takalmi.

Bawul ɗin kariya, wanda ke buɗewa idan matsin ruwa ya kai bar 7 a ma'aunin matsi, yakan ɗiga kaɗan-kaɗan duk lokacin da ruwa ke ɗaukar zafi, domin ruwa yana kumbura. Masu gida da yawa suna ɗaukar wannan ɗigar a matsayin yoyo, su ce wa mai gyara, "Malam, toshe mana wannan." Kada a yarda. Idan ma'aunin zafi ya lalace alhali bawul a toshe yake, tankin yana iya fashewa. Siririn tiyo ake saka masa ya kai ɗigar magudana.

Ana saita zafi a wajen digiri 60. Ƙasa da haka sosai ƙwayar cutar lejiyonela tana samun wurin hayayyafa, sama da haka kuma ƙanzo yana saurin taruwa, ga haɗarin ƙona yara. Kafin a kunna wuta karon farko, a buɗe famfon zafi har iska ta gama fita ruwa ya zubo a miƙe. Haka za a sake yi a watan Disamba, bayan na'urar ta yi bazara da damina a kashe.